Ƙaramar bindigar aljihu a gidan da akwai ƙananan yara: akwati tukuna, bindiga daga baya

Wannan maganar da 'yan'uwa mazauna Amurka nake, masu aikin dare, masu tsaron shagon gidan mai, nas ɗin da ke tashi daga asibiti ƙarfe biyun dare a Houston ko Atlanta ko Columbus, waɗanda zullumi ya sa suka fara tunanin mallakar 'yar ƙaramar bindiga irin wadda ake zurawa a aljihu, alhali a gida akwai ɗan shekara biyu da 'yar shekara biyar da ba su bar ko'ina ba wajen bincike. Wanda yake Najeriya ya karanta don sani kawai, saboda dokar makamai ta 1959 ta saka fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka ba abin da mutum zai shiga kasuwa ya tambayi kuɗinsa ba ne. Kuma mai tuƙin Uber ko Lyft ya sani tun yanzu, kamfanonin biyu duk sun hana direba ɗaukar bindiga yana kan aiki, ko da jiharsa ta yarje masa.

Toh abu na farko, kuma shi ne mutane ke tsallakewa, ka zauna da uwargida ku yi maganar da gaske kafin ka taka shagon bindiga. Ba sanarwa za ka yi mata ba, shawara za ku yi, don ita ce ke wuni da yaran in kana wajen aiki, ita ta san wanne ne ke hawa kujera ya kai saman firji, wanne ne ke buɗe jakarta. In ta ce bata yarda ba, wallahi maganar ta ƙare ko kuma a jinkirta, bindigar da aka shigo da ita a ɓoye ita ce ake ajiyewa a saman wadrof cikin kwalin takalmi, kuma nan ne yara ke fara dubawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka matsayinta a fili yake, gidan da ya fi aminci ga yaro shi ne wanda babu bindiga a ciki. Ba dole ka bi ra'ayinsu ba amma ka san da shi, kuma ka san cewa tun 2020 alƙaluman hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, suka nuna harbin bindiga ya zarce hatsarin mota a matsayin abin da ya fi kashe masu shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 4.6 na zaune a gidajen da akwai bindiga da harsashi a cikinta kuma ba a kulle ba. In dai tsoron hanya ne kawai, akwai barkonon tsohuwa na fesawa mai kyau, akwai canza wajen fakin, akwai ƙara fitila da kamara a ƙofar gida, duk ka gwada lissafinsu tukuna. In kun yi lissafin kun ga har yanzu bindigar kuke so, shikenan mu ci gaba.

Sai batun takardu. Ɗan ƙasa da mai girin kad suna iya saye a wajen dila mai lasisi in sun kai shekara 21, za a ba ka fom mai lamba 4473 ka cika, dilan ya tura sunanka tsarin binciken FBI da ake kira NICS. Mai bizar karatu ko ta ziyara a ƙa'ida an hana shi, akwai 'yan togaciya amma kar ka dogara da abin da abokinka ya faɗa maka a wajen walima, lauya za ka tambaya, don kuskure a nan yana iya cinye maka zaman ƙasar gaba ɗaya. Kuma dan Allah kar wani ya ce maka "kai da kake da takardu saya min zan ba ka kuɗin", wannan babban laifi ne na tarayya, ɗauri ne kai tsaye komai kusancinku. Bayan dokar tarayya kowace jiha da nata, Texas tun 1 ga Satumban 2021 ta bar mutum ya ɗauki fistol ba tare da lasisin ɗauka ba, New York kuwa sai ka samu lasisi kafin ma ka mallaka, Massachusetts ta wajabta kulle bindiga duk lokacin da ba ta hannunka, Michigan ma dokarta ta ajiya a gidan da yara suke ta fara aiki a Fabrairun 2024. A Michigan ɗin ne kuma aka yanke wa iyayen yaron da ya yi harbi a makarantar Oxford a 2021 hukuncin shekara 10 zuwa 15 a 2024, bindigar da uban ya saya ce yaron ya ɗauka. Kenan ko ta fuskar shari'a ma ajiya ba wasa ba ce.

Yanzu abin da nake so ya zauna maka a kai kafin mu shiga sunayen bindigogi. Mutane da yawa suna zuwa shago da tambayar "wacce ce yaro ba zai iya harbawa ba", mai shago kuma tunda ciniki yake so sai ya miƙo libarba ya ce kunamarta na da tauri, ko ya miƙo mai sefti, wato abin da ke hana bindiga tashi, ya ce yaro ba zai gane ba. Babu irin wannan bindigar. Tun 1995 wasu likitoci a Amurka suka auna ƙarfin yatsun yara, suka samu kashi 25 cikin ɗari na 'yan shekara 3 zuwa 4 suna iya jan nauyin laba 10 da yatsu biyu, wato wajen kilo huɗu da rabi, 'yan shekara 5 zuwa 6 kashi 70, 'yan 7 zuwa 8 kashi 90. Kunamar fistol ɗin Glock wajen laba 5 da rabi ce. Ta libarba ƙarama tana kaiwa laba 12 ko kusa da haka, ta fi tauri gaskiya, amma yaro ba irin riƙonka yake yi ba, juyo bakin yake yi ta wajen fuskarsa ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna da duk ƙarfinsa, shi ya sa ƙananan yara yawanci kansu suke harbi. Sefti kuwa ɗan maɓalli ne, yaron da ya iya buɗe wayarka ya nemo katun a YouTube ba zai gagara ture maɓalli ba. Duk waɗannan abubuwan ƙari ne, suna iya sayo maka daƙiƙa biyar, amma wanda ya dogara da su ya gina gida a kan toka.

Don haka tsarin guda ɗaya ne, bindigar wuri biyu kawai take da shi a duniya, ko tana jikinka cikin kubenta, ko tana cikin akwatin ƙarfe a kulle. Babu na uku. Ba kan durowar gefen gado "na minti ɗaya" ba, ba ƙarƙashin filo ba, ba aljihun wandon da ka rataye a bayan ƙofa ka shiga wanka ba, ba kan tankin masai ba. Shi ya sa nake cewa akwati za ka fara saye, ka kafa shi, ka saba da buɗe shi, sannan bindigar ta shigo gidan ta tarar da ɗakinta a shirye.

Akwatin da ake magana ƙarami ne, wanda ake buɗewa da sauri, ba katon sef na bindigogin farauta ba. Iri uku ne a kasuwa galibi. Akwai mai maɓallai biyar na ƙarfe zalla da ake kira Simplex, ba batir ba waya, irin wanda Fort Knox da V-Line ke yi, yana da tsada da nauyi amma ni shi na fi yarda da shi don babu ranar da zai ce maka batir ya mutu. Akwai na lantarki mai lambobi, irin na Vaultek da sauransu, da masu buɗewa da ɗan tambarin da ake ɗaurawa a hannu ko a manna a waya irin RAPiD na Hornady, wanda matsalarsa a gidan yara a fili take, duk wanda ya ɗauki tambarin ya ɗauki makulli. Sai mai karanta zanen yatsa, shi ne ya fi burge mutane, kuma shi ne zan ce ka bi a hankali. A Oktoban 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye akwatuna kusan 61,000 na kamfanin Fortress Safe daga kasuwa, saboda mutum zai ɗauka ya saita yatsansa alhali akwatin na nan a yanayin da kowane yatsa ke buɗe shi, kuma an samu rahoton mutuwar yaro ɗan shekara 12. A 2024 ma an sake janye wasu samfuran na wasu kamfanoni kan irin wannan matsalar. In ka sayi mai yatsa, ranar farko ka kira uwargida ta gwada da yatsan da ba a saita ba, ka gwada da ɗan yatsanka na ƙafa ma in ka ga dama, akwatin babu komai a ciki, ka tabbatar ya ƙi buɗewa. Ka duba sunan samfurin a shafin CPSC, sannan ma'aikatar shari'a ta California tana da jerin akwatuna da makullan da aka gwada aka amince da su, ko ba a California kake ba jerin zai maka amfani.

Kowanne ka saya ka ɗaure shi da kusoshi a jikin katako ko bango, ko aƙalla da igiyar ƙarfen da ke zuwa da shi, don akwatin da yaro ɗan shekara goma zai ɗauka ya kai ɗakinsa ya zauna yana gwada lambobi ba akwati ba ne. Lambar kuma kar ta zama shekarar haihuwar kowa ko lambar buɗe wayarka, yara sun haddace wannan tuni, suna kallon yatsunka fiye da yadda kake zato. Makullin ko-ta-kwana da ke zuwa da akwatin lantarki shi ne ramin da mutane ke faɗawa, sai a kulle bindiga da kyau a jefa makullin cikin durowar kicin tare da batura da kyandir. Ka kai shi wajen aiki ko wani akwatin daban mai kulle.

Za ka ga bindigar ta zo da wani kwaɗo mai igiyar ƙarfe a kwalinta, dokar tarayya ce tun 2005 dila ya haɗa maka da abin kullewa, kuma shirin Project ChildSafe yana raba irinsa kyauta ta ofisoshin 'yan sanda da yawa. Yana da amfani ga bindigar da aka cire wa harsashi aka ajiye, ana zura igiyar ta inda magazin, wato gidan harsashi, ke shiga ta fito ta sama. Amma bai dace da wadda kake ɗauka kullum ba, kuma irin kwaɗon da ake maƙalawa a kan kunama, kar ka taɓa sa shi a bindiga mai harsashi, wajen sa shi ko cire shi tana iya tashi.

Toh yanzu bindigar kanta. Kusan gida biyu ne. Akwai libarba ƙarama mai ɗaukar harsashi biyar na .38 Special, irin Smith & Wesson 642 da 442 ko Ruger LCR, nauyinsu bai kai rabin kilo ba. Kyawunta a gidan yara shi ne sauƙin dubawa, ka ture ganga gefe ka ga ramuka biyar da idonka, ko akwai ko babu, uwargida ma da bata damu da bindiga ba za ta iya koyon wannan cikin minti kaɗan. Kunamarta doguwa ce mai tauri, wanda ke rage tashin kuskure wajen sakawa da cirewa daga aljihu. Aibinta, tana da wuyar saiti, tana dukan hannu sosai, mace mai ƙaramin hannu ko dattijo mai ciwon gaɓɓai zai iya kasa jan kunamar ba tare da bakin ya karkace ba, sannan harsashi biyar ne kawai.

Ɗaya gidan kuma fistol ne masu magazin. A nan akwai 'yan ƙanana na .380 kamar Ruger LCP da ta fito a 2008 mai ɗaukar shida da ɗaya a baki, nauyinta bai kai giram 300 ba, da ƙanwarta LCP Max mai ɗaukar goma, da Glock 42, da Bodyguard ta Smith & Wesson. Sai waɗanda suka ɗan fi girma na 9mm kamar Glock 43 da SIG P365 da ta fito a 2018 mai ɗaukar goma, da M&P Shield, waɗannan a gaskiya sun fara fin ƙarfin aljihu, sun fi dacewa da ƙugu. Abin da mai yara ya kamata ya sani game da duk wannan gidan, kuma shi ne ya kashe mutane da dama, cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Harsashi ɗaya na iya zama a baki. Sai ka cire magazin tukuna, sannan ka ja silaid, wato saman bindigar mai zamewa, baya, harsashin ya faɗo, ka leƙa da ido ka taɓa da yatsa. In ka juya tsarin, ka ja silaid kafin ka cire magazin, sabon harsashi ka ɗora. Wasu samfuran suna da tsarin da ke hana tashi in babu magazin, wasu suna da 'yar alama da ke nuna akwai harsashi a baki, P365 da Shield ana samunsu da sefti na babban yatsa ko babu, kai za ka zaɓa. Ni a gidan yara na fi son a samu seftin, da sharaɗin ka yi ta atisaye har ture shi ya zama jiki, in ba haka ba ranar da kake buƙata za ka tsaya kana danna kunamar da ta ƙi motsi.

Kar ƙanƙanta ta ruɗe ka. Mutane na ɗauka ƙaramar bindiga ta fi sauƙin harbi, shi ya sa maigida zai je ya sayo wa madam mafi ƙanƙanta a shagon har da mai launin hoda, alhali akasin haka ne, duk yadda ta kai rashin nauyi haka take ƙara dukan hannu, mariƙinta yatsu biyu kawai yake ɗauka, silaid ɗinta na da tauri. Kuma a ido tana kama da ta wasa, wannan ma matsala ce a gidan da yara ke da bindigogin roba, don haka ka guji masu launi-launi, baƙa ko ruwan toka ta isa. Hanyar zaɓe ita ce ku je filin koyon harbi da ke ba da haya, ku biya ku gwada uku ko huɗu, duk wanda zai riƙa ɗauka shi zai harba da hannunsa. Wadda ka iya saka harsashi biyar a faranti daga taku bakwai ba tare da ka rufe ido ba, wadda ka iya ja wa silaid ka kuma fitar da harsashinta ba tare da bakin ya zagaya ta kan mutane ba, ita ce taka, ko da ba ita ake yayi a YouTube ba. Mai raunin hannu ya duba Shield EZ, an yi ta ne don sauƙin ja, sai dai ta fi aljihu girma, kuma ka tuna abin da ya yi wa babba sauƙi ya yi wa yaro sauƙi.

Kube wajibi ne, wato holsta. Bindiga tsirara a aljihu tare da makullin mota da canji da leda neman masifa ne. Kuben aljihu dole ya rufe kunama ruf ta kowane gefe, ya zama mai ɗan tauri yadda ba za a iya danna ta ta bayan yadi ba, ya kuma tsaya a aljihu in ka zaro bindigar. Akwai na fata, akwai na roba mai tauri da ake kira Kydex, akwai mai mannewa irin Nemesis na DeSantis, ka sayi wanda aka yi don samfurin bindigarka. Aljihun kuma nata ne ita kaɗai. In za ka mayar da ita, fito da kuben waje, saka ta a ciki, sannan ka mayar da su tare, haka ma in za ta shiga akwati da dare, da kubenta za ta shiga, yawan cirewa da ɗanawa kullum shi ke kawo tashin kuskure a cikin ɗaki, kuma bangon gidajen Amurka allo ne kawai, harsashi na ratsa shi ya shiga ɗakin yara.

Ga wani abu da malaman harbi Turawa ba za su faɗa maka ba don ba su san shi ba, kayanmu. Aljihun gefe na kaftani ko jallabiya faɗi gare shi kuma ba ya riƙe komai, abu mai nauyi lilo yake yi, in ka zauna a ƙasa ko ka yi ruku'u yana iya zamewa, kuma wannan aljihun ne dai yara suka saba zura wa hannu suna neman alawa ko waya da zarar Baba ya shigo. Yaron da ya saba da haka ba zai daina ranar da ka sa bindiga a ciki ba. In ranar Juma'a ce ko Sallah ka sa manyan kaya, ko dai ta koma ƙugu cikin kube mai bel a ƙarƙashin riga, ko ta zauna a akwati, kuma masallatai da yawa suna da tsarinsu kan shigo da makami, ka tambayi kwamiti kafin ka jefa kanka da jama'a cikin fitina. Wajen alwala da banɗaki ma nan ne mutane ke cirewa su ajiye su manta. In kana gida kuma za ka yi kokawa da yara a kan kafet, ka goya wannan ka ɗaga wancan, fara wucewa ta akwati tukuna. Ka mayar da shi al'ada, shigowa gida, sallama, ɗaki, akwati, sannan runguma.

Mata kuma batun jaka. Na san ita ce mafi sauƙi musamman da abaya ko atamfa da babu aljihu, amma jaka ba jikinki ba ce, ajiye ta kike yi, a kujerar mota, a keken sayayya, a gefen tabarma gidan suna. A Disamban 2014 a garin Hayden na jihar Idaho, wata uwa mai shekara 29, mai lasisin ɗauka kuma wadda ta san bindiga tun tana ƙarama, tana sayayya a Walmart, ɗanta ɗan shekara 2 da ke zaune a keken ya zuge zif ɗin jakar, wadda an yi ta ne musamman don ɗaukar bindiga, ya harbe ta ta mutu nan take. 'Yar'uwa in dai kina da ƙananan yara ki manta da jaka, akwai ɗamarar ciki mai kube mai tauri da ake sawa ƙarƙashin kaya. Mota ma haka, aljihun gaban mota ba ma'aji ba ne, akwai ƙananan akwatuna masu igiyar ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarfen kujera, don wuraren da aka hana shiga da bindiga kamar makarantar yara da gidan waya, kuma satar bindiga daga mota ta yi yawa a biranen Amurka.

Yaran fa, a faɗa musu ko a ɓoye? A faɗa musu daidai hankalinsu, don ɓoyewar ba ta aiki, wani bincike a Alabama a 2006 ya samu cewa cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san inda bindiga take ba, kusan kashi 40 cikin ɗari yaran sun ƙaryata su. Shirin Eddie Eagle na ƙungiyar masu bindiga ta NRA tun 1988 yake koya wa yara abu huɗu, tsaya, kar ka taɓa, bar wajen, faɗa wa babba. Ka koya musu da Hausa da Turanci, ka maimaita. Amma kar ka ɗauka tarbiyya ta maye gurbin makulli, a nan ne mu iyaye muke yaudarar kanmu da "ai nawa yaran suna jin magana". A wani gwaji a Atlanta da aka wallafa a 2001, an bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki da bindiga ta gaske da aka kashe wa aiki aka ɓoye a durowa, yawancin rukunan da suka gano ta sun ɗauka, kusan rabi har sun danna kunama, kuma galibin waɗanda suka taɓa ɗin an taɓa yi musu darasin kar su taɓa. Sannan gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙi ko a Amurka ne, suna, walima, buɗa-baki, yaran maƙwabta da na ƙanwar madam duk su cika ɗakuna, waɗannan ba kai ka yi musu tarbiyya ba. Haka in naka za su je wuni gidan wani, tambaya ba rashin kunya ba ce, "Yaya, akwai bindiga a gidan, a kulle take?", ka faɗa da fara'a ka wuce.

Kuma yara girma suke yi. Akwatin da ya ishi ɗan shekara uku ba lallai ya ishi ɗan shekara goma sha huɗu ba, shi kuma hatsarinsa daban ne, damuwa da ɓacin rai na ɗan lokaci, kuma yunƙurin kashe kai da bindiga kusan tara cikin goma mutuwa ce. Ba ma son wannan maganar a cikinmu amma tana faruwa. In wani a gidan ya shiga matsananciyar damuwa, ko uwa bayan haihuwa, ko kai kanka aiki ya tsaya, ko rigima ta yi zafi tsakaninka da madam, fitar da bindigar daga gidan na wani lokaci, wasu shagunan bindiga da filayen harbi suna karɓar ajiya, ka tambaya yadda dokar jiharku ta tsara kafin ka miƙa wa wani aboki. Lambar 988 kuma, wadda ake kira don neman taimako in mutum ya shiga matsananciyar damuwa ko tunanin kashe kai, tana aiki dare da rana tun Yulin 2022.

Kuɗi ma ka lissafa su gaba ɗaya tun farko, don bindigar ita ce rabin kuɗin da za ka kashe ko ma ƙasa da haka, ga akwatin ɗaki, ga na mota, ga kube, ga kuɗin aji, ga harsashin atisaye. Ajin kar ka tsallake shi ko jiharku bata tilasta ba, can za a koya maka ƙa'idoji huɗun nan, ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kar ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa a waje har sai ka yi saiti, ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa, da kuma dokar jiharku kan yaushe ne ma aka yarda ka zaro ta. In za ka yi atisaye a gida ka sayi harsashin roba na gwaji, na gasken ya kasance a kulle a wani ɗaki, yara sun yi barci ko ba sa nan. Ragowar harsashi a kulle shi daban. In ka dawo daga filin harbi kuma ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka canza riga da takalmi kafin ka ɗauki jariri, ƙurar dalma na manne wa jiki kuma ko kaɗan ce tana illa ga ƙwaƙwalwar yaro. Akwatin lantarki ka sa ranar canza masa batir a kalandar wayarka, ka riƙa jan murfinsa da hannu duk dare bayan ka rufe, wani lokacin yana yin ƙara kamar ya kama alhali bai kama ba.